SHIRME MAI ƘA'IDA: ABIN DA KE CIKIN LITTATTAFAN AL'AJABI NA YARA

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye na ƙungiyarmu a nan Sabo. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi.



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da samarin da ke tsaye can baya, muna yi wa kowa barka da zuwa. An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana kawo gardama a gidajenmu, wato littattafan nan masu hoton zomo da riga da agogo, waɗanda yaranmu ke zuwa da su daga makarantar boko, ko su saya wajen masu kasa littattafai a bakin titi. Wasu iyaye sukan ƙwace su ce ƙarya ce. Wasu su ce shirme ne da ɓata lokaci. Wasu kuwa ba ruwansu, in dai da Turanci aka rubuta to a wurinsu karatu ne. To mu 'yan kasuwa ne, ba mu saba yi wa goro kuɗi ba sai mun kwance huhu mun duba. Saboda haka bari mu kwance wannan huhun a gaban kowa.

Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan littattafai shi ne mai suna Alice's Adventures in Wonderland, wato labarin wata yarinya Alis da ta bi zomo cikin rami ta faɗa ƙasar al'ajabi. Marubucinsa mutumin Ingila ne, sunansa na yanka Calis Dojsan, amma a bangon littafi ya kira kansa Luwis Karol. An haife shi a 1832, ya mutu a 1898. Abin da muke so ku riƙe game da shi shi ne sana'arsa. Malamin lissafi ne a jami'ar Oksifod, shekara 26 yana koyarwa, kuma ya rubuta littattafai a kan lissafi da ilmin manɗiƙi, wato ilmin auna hujja. Ranar 4 ga watan Yuli 1862, shi da wani abokinsa suka ɗauki 'ya'yan shugaban kwalejinsu mata uku a kwalekwale, yana ba su labari don kada su gaji. Ta tsakiyarsu, Alis, 'yar shekara 10, ta roƙe shi ya rubuta mata. Ya rubuta da hannunsa ya ba ta a 1864, aka buga shi a 1865 da hotuna 42 da wani gwanin zane Jon Teniyal ya yi. A ƙarshen 1871 na biyu ya fito, Through the Looking-Glass, inda yarinyar ta shiga cikin madubi. Wancan na rubutun hannu kuwa, a 1928 an yi gwanjonsa a Landan a kan fam 15,400. Mu da muka san kuɗi mun san ba a biyan wannan don wofi.

Na biyunsu shi ne Edwad Liya, wanda ya rayu daga 1812 zuwa 1888. Shi mai zanen tsuntsaye ne. Wani basarake ya ɗauke shi aikin zana dabbobin da ya tara a gidansa kusa da Libaful, a can ya riƙa yi wa yaran gidan 'yan gajerun waƙoƙi na ban dariya da hotunansu. A 1846 ya tara su ya buga, bai ɓoye ba, ya sa masa suna A Book of Nonsense, wato littafin shirme.

Kafin waɗannan mutane biyu, yawancin abin da ake rubuta wa yaran Ingila gargaɗi ne tsantsa: yaro ya yi kaza, kaza ya same shi, saboda haka kada ka yi. Su ne suka nuna za a iya rubuta wa yaro littafi ba tare da bulala a shafin ƙarshe ba, kuma ya fito da wani abu a kansa.

To jama'a, akwai bambanci tsakanin labarin al'ajabi da labarin shirme, kuma mutane kan cakuɗa su. Labarin al'ajabi shi ne a kai ka wata duniya mai dokokinta, aljani ya yi magana, zobe ya kawo abinci, amma dokar ba ta canzawa daga farko har ƙarshe. Irinsa ne Alfu Laila. Shi kuwa shirme irin na Karol, dokar duniyarmu ce ake ɗauka, ko a juya ta, ko a bi ta har a wuce inda ta tsaya. Wannan shi ne gundarin maganarmu ta yau: shirmen nan da ƙa'ida aka gina shi, kuma ba mai yi masa dariya sai wanda ya san ƙa'idar. Mudun da aka ƙwanƙwasa wa gindi ba ya ba baƙon kasuwa dariya, cutarsa yake yi. Wanda ya san mudun gaskiya shi ne yake gani ya yi murmushi. Bari mu kawo misalai daga cikin littattafan.

A wani wuri Alis ta ci wani abu, wuyanta ya yi tsawo har ya wuce bishiyoyi. Sai wata kurciya ta taso mata da faɗa tana cewa macijiya ce ta zo cin ƙwanta. Alis ta ce ita yarinya ce. Kurciya ta tambaye ta ko ta taɓa cin ƙwai, Alis kuwa ba ta ƙarya, ta amsa cewa ta ci, domin yara ma suna ci. Sai kurciya ta yanke hukunci cewa in haka ne to yara ma wani irin maciji ne. Kun ga hujjar? Maciji na cin ƙwai, yarinya na cin ƙwai, saboda haka yarinya maciji ce. Malamanmu da suka karanta manɗiƙi sun san wannan ƙiyasi ne ɓatacce. Yaro ɗan shekara takwas bai san sunansa ba, amma in ya yi dariya to ya gane inda aka karya. Kuma irin wannan hujjar ce ake yi wa jama'a guda ƙazafi da ita: wane ya yi laifi, wane ɗan ƙabila kaza ne, saboda haka duk 'yan ƙabilar masu laifi ne. Mu da ke zaune a ƙasar wasu mun san ɗacin hujjar kurciya.

A littafi na biyu akwai kanti, mai kantin tunkiya ce tana saƙa. Kantin cike yake da kaya, amma duk kantar da Alis ta zuba wa ido sai ta ga wayam, sauran kuwa maƙil. Da ta nemi ƙwai, sai aka ce mata guda ɗaya kwabo biyar da 'yar ɗoriya, guda biyu kuwa kwabo biyu, amma da sharaɗin in ta sayi biyu dole ta cinye su duka. Ba wanda zai ji daɗin wannan kamar ɗan kasuwa. Mun san sari ya fi sauƙi a kan ɗai-ɗai, mun kuma san araha mai sharaɗi. Karol ya ɗauki wannan dokar ya ja ta har ta tsinke. A cikin littafin dai, wata sarauniya ta yi wa Alis tayin aiki, ladanta kwabo biyu a mako, da wani zaƙi da ake shafa wa burodi, amma zaƙin na jiya ne da na gobe, ba a taɓa bayar da na yau. Jama'a, wa bai san allon nan da muke ratayawa a shaguna ba, mai cewa ba bashi yau sai gobe? Dabara ɗaya ce. Kalmar gobe ba ta taɓa sauka a kan rana, kullum tana gaba. Yaron da ya gane wannan tun yana ƙarami, mai alkawarin gobe zai sha wuya kafin ya ci kuɗinsa.

Sai wani ƙaton ƙwai da ke zaune a kan katanga, mai girman kai, wanda ya gaya wa Alis cewa shi in ya faɗi kalma to ma'anarta ita ce abin da ya ga dama, kuma in ya ɗora wa kalma aiki da yawa yakan ƙara mata lada. Abin dariya ne, amma ku tuna da dillalin da zai ce "na saya" da safe, da yamma ya ce ai ba haka yake nufi ba. Kasuwar goro da ta shanu a ƙasar nan an gina su ne a kan magana da amana, sau da yawa ba takarda ba sa hannu. Ranar da kowa ya zama mai fassara kalmarsa yadda ya so, ranar kasuwa ta tashi. Ƙarshen ƙwan nan kuwa faɗowa ya yi.

Littafin farko da shari'a ya ƙare. Ana tuhumar wani da satar 'yan waina. Sarki ne alƙali, masu taya shi 12 dabbobi ne da tsuntsaye, suna rubuta sunayensu a allo don kada su manta kafin a tashi. Da sarki ya ga Alis ta fara girma tana damunsa, nan take ya rubuta doka ya kira ta doka ta 42, cewa duk wanda tsawonsa ya wuce mil guda ya fita, ya kuma ce ita ce mafi tsufa a littafin dokoki. Alis ta ce in ita ce mafi tsufa ai kamata ya yi ta zama ta ɗaya. Sarauniya kuwa so take a fara yanke hukunci, daga baya a duba ko mutumin ya yi laifin. Yaron da ya karanta wannan ya san yadda shari'ar gaskiya take, domin an nuna masa ita a kife.

To yanzu ga abin da ya fi shafarmu. A duk littattafan biyu, mai hankali guda ɗaya ce, ita ce yarinyar, ba ta wuce shekara bakwai da rabi ba. Manya su ne masu shirme, su ne masu tsawa da ba da umarni. Alis baƙuwa ce a ƙasar da ba ta san dokokinta ba. Yanzu a ce ta yi girma da yawa, an jima a ce ta yi ƙanƙanta. Wata tsutsa ta tare ta da tambayar ko ita wace ce, ta kasa ba da amsa, domin tun safe take canzawa. Ku dubi yaranmu. A gida Hausa, a titi Yarbanci, a boko Turanci, a Islamiyya Larabci. A nan a ce musu 'yan Arewa, in sun je Kano ko Sakkwato hutu a yi wa Hausarsu dariya a ce 'yan Kurmi. Ranar neman takardar shaidar asali kuwa, tambayar tsutsar nan ce ake yi musu a ofis, alhali an kafa Sabon nan tun 1916, kakannin wasunsu a nan aka binne cibiyarsu. Me Alis ta yi? Ba ta yi zagi ba, ba ta bar gaisuwa ba, ba ta kuma bar tambaya ba. In an faɗi abin da bai yi ba sai ta ce bai yi ba, cikin ladabi. Sai a ƙarshe, da ta koma tsawonta na gaskiya, ta dubi sarki da sarauniya da fadawansu ta ga ashe 'ya'yan karta ne kawai. Wace tarbiyya muke nema wa ɗan da ke tashi a baƙon wuri da ta wuce wannan?

Shi ma Liya, waƙoƙinsa gajeru ne, kusan kowace a kan wani tsoho ne ko tsohuwa mai wata ɗabi'a ta daban, wani tsuntsaye sun yi sheƙa a gemunsa, wani rawa yake da hankaka. Masu nazari sun lura cewa a bayan tsohon nan sau da yawa akwai mutanen gari, ba a faɗin sunansu, su ne masu tambaya da tsegumi, wani lokaci har da duka. Liya da kansa mai farfaɗiya ne, ya ɓoye ciwon duk rayuwarsa, kuma yawancin shekarunsa a ƙasashen waje ya yi su, a Italiya ya mutu. Wato a ƙarƙashin dariyar akwai tausayin wanda ya fita daban a cikin jama'a.

Wani zai ce to duk wannan na Turawa ne, ina ruwanmu? Ai mu ma muna da namu, kuma da ƙa'ida muke yin sa. Ku ɗauki zaurance. Wanda bai iya ba zai ce surutun banza ne, alhali gaɓa ce ake cusawa a wuri sananne, kuma ba mai iya shi sai wanda Hausa ta zauna a bakinsa. Karol yana da wata waƙa a littafi na biyu da ya cika ta da kalmomin da ya ƙirƙira, amma ginin jimlolin na Turanci ne daidai, shi ya sa mai karatu ke jin an yi yaƙi an kashe dodo ko da bai san kalmomin ba. Ku ɗauki 'yan kama, masu ɗaukar waƙar wani ko salon karatun wani su mayar da shi zancen tuwo da miya. Haka Karol ya yi wa waƙoƙin gargaɗi da ake sa yaran Ingila haddacewa: akwai ta wani Aizik Wats ta 1715 mai yabon ƙwazon ƙudan zuma, da Alis ta zo karanta ta sai ta fito a kan kada yana murmushi yana haɗiyar kifi. Ku ɗauki kacici-kacici. A wurinmu dole akwai amsa, in ka kasa ka ba da gari. A wajen shan shayin nan na littafin, inda agogo ya tsaya a ƙarfe shida, an yi wa Alis kacici-kacici a kan kamar da ke tsakanin hankaka da teburin rubutu, ta yi ta tunani, ashe mai tambayar ma ba shi da amsa. Wanda bai san dokar kacici-kacici ba ba zai ga abin dariya a nan ba.

A rubuce ma ba a bar mu a baya ba. Marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna wayo gari gari. Daga 1937 zuwa 1939 Magana Jari Ce ya fito littafi uku, aku ne ke ba da labari don ya tsare ɗan sarki kada ya fita. Imam malami ne ɗan malamai, kuma ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da namu na gida ya mayar da su Hausa tsantsa. Maƙwabtanmu Yarbawa kuma suna da kunkurunsu Ijapa kamar yadda muke da Gizo.

Game da masu cewa ƙarya ce, hukunci na malamai ne, ga su nan zaune. Abin da mu za mu iya cewa shi ne, ƙarya ita ce a gaya maka abu don ka ɗauka gaskiya ne a cuce ka. Tatsuniya kuwa tun daga bakin ƙofa take faɗin sunanta, da an ce ga ta nan ga ta nanku kowa ya san inda aka shiga, a ƙarshe kuma a jingina ƙaryar ga Gizo a tashi. Littafin Alis ma haka, a ƙarshe yarinyar farkawa ta yi, mafarki ne. Kuma Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8, dila da zaki da sa ne ke magana a cikinsa, an daɗe ana karanta shi a zaurukan ilmi.

Amma kada mu sayar da kaya mu ɓoye aibinsa. Rabin daɗin littattafan nan a cikin Turancin yake, ba ya ƙetarowa. Akwai inda ɓera ya ce zai ba da labari mai tsawo, Alis ta ɗauka wutsiyarsa yake nufi, domin a Turanci kalmomin biyu furucinsu ɗaya, har aka buga labarin a shafi yana lanƙwasa kamar wutsiya. In ka fassara wannan ya mutu. Waƙoƙin da yake kwaikwayo kuma yaranmu ba su san na asalin ba. Bugu da ƙari, fim ɗin da kamfanin Disney ya yi a 1951, da na 2010, waɗanda yara ke kallo a waya, sun ɗauki hotunan sun bar yawancin hujjojin, wato sun ɗauki ganyen huhu sun bar goron.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, kada a ƙwace littafin, a tambayi yaro me ya ba shi dariya, kuma don me. In ya iya faɗin dokar da aka karya, to kuɗin makaranta bai faɗi ba. Na biyu, a sa shi ya ba da labarin da Hausa bayan sallar isha'i, ƙannensa na ji. Inda wasan kalma ya ƙi fassaruwa, a sa shi ya nemo namu: gari na zama da gari na tuwo, wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na ido da kuka ta miya. Yaron da ya iya wasa da waɗannan, Hausarsa ba za ta ɓace a Kurmi ba. Na uku, iyayenmu mata, ku dawo da tatsuniya da kacici-kacici, domin yaron da bai san Gizo da Ƙoƙi ba ba shi da abin da zai auna na wasu da shi. Na huɗu, muna roƙon ƙungiya ta sa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja a cikin kayan da ake ba yara kyauta ranar sauka da ranar rabon sakamako, duk mai zuwa Kano ko Zariya sari ya iya taho mana da su. Kowane abu kuma da lokacinsa, littafin dariya ba ya cin lokacin allo.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su hankalin rarrabe mudun gaskiya da na algus, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.